Sulen Surukar Mai Agogo

Shekara talatin Mai Agogo ya yi a shago ɗaya mai faɗin tabarma biyu, tsakanin tela da mai aski. Gyaran agogo ya gada, amma da wayoyi suka kashe kasuwar sai ya koma duba tsofaffin sulallan azurfa. Yakan maƙala ɗan gilashi a idon dama, ya riƙe sule ta gefe, ya ɗora a sikeli, ya duba ko gashin hoton mutumin da ke jikinsa ya suɗe, ko haruffa sun lafe. Sannan ya faɗi darajarsa, ko mai shi zai yi kuka. Dillalai kan ce in ya yanke, magana ta ƙare. Wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka.

Kullum gargaɗinsa ɗaya: kada a wanke sule. Baƙin tsufan nan masu saye ke nema.

Ran nan sai ga surukarsa, matar da bai taɓa haɗa ido da ita ba. Dillalai biyu na zaune, mai aski ya leƙo. Ta kwance bakin zane ta fito da sulen marigayi mijinta, yana walƙiya kamar sabon cokali. Ta ce kwana uku ta yi tana dirzarsa da toka da lemun tsami, don kada ta kunyata surukinta gaban mutane.

Ya saka gilashi. Karce ko'ina, hancin hoton ma ya tafi. Ya yi tari, ya yaba nauyi, ya yaba tsafta. Mai aski ya ce daraja ake jira, ba wa'azi ba. Dillalai suka kasa kunne.

"Inna," ya ce, idonsa na kan sikeli, "azurfar tana nan. Darajar ce ta bi ruwan wanki."

Tsohuwa ta ce ido ne dai ba shi da shi, ta kwance wani ƙullin.

"To wannan fa, ɗan nan? Ban samu na wanke shi ba."

Wani sulen ne, baƙi ƙirin, kowane gashi a tsaye, irin wanda ya yi shekaru yana jira. Ta tofa masa yawu, ta kamo bakin zane za ta goge.

Mai Agogo ya tsallake tebur ya cafke hannun surukarsa.

Sule ya tsira. Dillalai suka ƙara yarda da shi, wai wanda bai raga wa surukarsa ba, wa zai raga wa? Ita kuwa har yau, in ya durƙusa gaishe ta, sai ta ɓoye hannunta cikin mayafi kafin ta amsa.