Man Gyaɗa a Birkin Baffa

Jiya a Makarfi na tarar da ɗan marigayi Baffa yana ɗura man gyaɗa a birkin babur ɗin da ya gada, wai ya daina kuka. Sakarai.

Wata shekara, Baffa na raye, birkin nan ya fara kuka. Baffa ya kwance tayar, ya wanke cikin da fetur, ya goge da yashi, hannunsa baƙi ƙirin. Muka hau gwaji. Na ce, "Baffa, har yanzu yana kuka." Ya tofar da goro ya ce, "Ya dame ka? Sauka ka taka."

Jiyan da na yi wa ɗan nasa magana, ya ce, "Yaya, zamani ya canja," ya nufi Likoro a guje.

Allah ya jiƙan Baffa. Wannan kuwa, Allah ya tsayar da shi, don birki ba zai iya ba.