Mai Hoton da Bai Bar Hoto Ba

Ina Kafin Hausa labarin ya same ni. Wasu ɗalibai da suka gama jarrabawar ƙarshe ne suka kira ni aikin hoto. Ina tsakiyarsu da hantsi, suna ta sowa suna rubuce rigunan juna, sai wayata ta yi ƙara. Nura ne, ƙanen matata. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba ya ce, "Yaya Sabi'u, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar ɗaliban a tsaye na nufi tasha, motar kuma ta ƙi cika, sai ka ce ranar kowa ya rantse ba zai yi tafiya ba. Ko da na sauka a Kiyawa, jama'a na dawowa daga maƙabarta. Ban samu sallarsa ba, ban kuma ga fuskarsa ba.

Da yamma muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, Nura ya matso kusa da ni ya rage murya. "Yaya, mutane sun dame ni a waya. Kowa cewa yake a turo hoton Baba a sa a sanarwa. Na ce musu su kwantar da hankalinsu, ai kai ne mai hoton gidan." Na ce masa to, amma na san abin da bai sani ba. Mutumin da ya shafe shekara arba'in yana ɗaukar hoton mutanen Dutse da Kiyawa bai bar hoton kansa ba, in ban da na wani tsohon katin shaida da ya koɗe, hatimi ya danne rabin fuskar. Sai kuma guda ɗaya da ni na ɗauka da hannuna, na kuma ɓata shi.

Sunansa Malam Sale Mai Hoto. Da nauyi nake rubuta sunan nan, don rabon da ya fito daga bakina shekara tara ke nan. Malamina ne tun farko. Shekara bakwai na yi a shagonsa a Dutse ina koyon aiki, daga baya ya zama surukina. Baba Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa a nan.

Darasin farko da ya koya mini shi ne wahalar ɗaukar hoto a ƙasarmu. Yakan ce, "Mu baƙaƙe ne masu son fararen kaya, ranarmu kuma ba ta raga wa kowa." In ka saita kyamara don farar shadda ta fito, sai fuska ta nutse a ƙarƙashin hula. In ka saita don fuska, sai riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya yi wata biyu yana yi ya ɓace. Maganinsa haƙuri ne da wani farin zanen gado. Yakan kai mutum gindin darbejiya, ya shimfiɗa zanen a ƙasa a gabansa don haske ya taso ya shiga ƙarƙashin hular. In hakan bai yi ba, sai ya ce a jira rana ta yi sanyi. Wani ɗan siyasa ya taɓa zuwa da mutanensa tsakar rana tsaka, yana son hoton fasta a waje nan take. Baba Malam ya leƙa ya dubi sama ya ce, "Ranka ya daɗe, kujera in Allah ya so taka ce, amma ranar nan ba taka ba ce. A dawo bayan la'asar." Mutumin ya tafi yana huci, bayan la'asar kuma ya dawo.

Haka ya yi wa wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye don hoton tafiya Makka. Duk sanda ya ɗaga kyamara sai ta sandare ta zaro ido. Ya ajiye kyamarar, ya zauna yana tambayarta awakinta, wacce ta haihu, wacce ta fi ɓarna, har ta saki jiki ta manta da abin da ya kawo ta. Sannan ya ɗauka. Da ta fita na ce masa hoton da bai fi babbar yatsa ba ai bai kai a ɓata masa rabin yini ba. Ya ce, "Fuska amana ce, Sabi'u. Watakila shi kaɗai jikokinta za su gani." Shi kuwa in aka ce ya tsaya a ɗauke shi, sai ya yi dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa, ya koma bayan kyamara.

Ni na fara kawo masa waya mai kyamara irin ta yanzu, ina rawar kai. Na nuna masa hoton duwatsun Dutse da na ɗauka da rana: sama shuɗiya, gajimare ya fito, inuwar da ke ƙarƙashin dutse ma ana ganin ciyawar cikinta. Na ce wani tsari ne a wayar, HDR sunansa, ya kashe maganar zanen gado. Ba ya cikin dattawan da ke tsine wa abu don kawai sabo ne. Ya karɓi wayar ya riƙe mako guda yana gwaje-gwaje, sannan ya kira ni.

"Abin nan yana da basira," in ji shi. "Na gane dabararsa. In ka danna sau ɗaya, hoto uku yake ɗauka a jere, ɗaya don rana, ɗaya don inuwa, ɗaya tsaka-tsaki, sannan ya haɗe su. Amma sharaɗinsa kada abin da ake ɗauka ya motsa. Dutse zai tsaya masa. Ɗan Adam fa? In mutum yana cikin duhu, haske na bayansa, ko dai ka kashe tsarin, ko ka ce wa mutumin ya tsaya cak." Ya kuma nuna mini yadda wani lokaci yake mai da baƙar fata fari-fari, kamar an shafa wa mutum toka. Na ce, "Malam, zamani riga ne." Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Amma a duba wuyanta kafin a zura kai." Muka yi ta gardama har aka kira magariba. A lokacin ba abin da ba na iya faɗa masa.

Sai na auri 'yarsa Hajara, kunya ta shiga tsakaninmu. Kowa ya san yadda ake yi da suruki, amma ni na zarce. Na daina cin abinci a inda yake, wannan daidai ne. Na daina shiga shagonsa, na buɗe nawa a unguwar Takur. In na je gaisuwa sai in durƙusa tun daga bakin zaure, kaina a ƙasa, in yi kalma uku in tashi. In na hango shi a hanya sai in saki layin. Wata rana ina durƙushe ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Sabi'u, na ba ka 'ya, na rasa abokin gardama." Na yi murmushi kawai ina kallon tabarma. Ƙofa ya buɗe mini ranar, ni kuma na ɗauka ladabi ne in ƙi shiga. Duk sanda na tuna wannan sai in ji haushin kaina.

Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba. Wata biyu kafin rasuwarsa Allah ya ba mu ɗa namiji, muka sa masa sunansa. Washegarin suna na je Kiyawa, inda Hajara ke wankan jego a gidansu. Na tarar da shi a zaure da hantsi, ciki duhu, ƙofar da ke bayansa kuwa rana ta cika ta. Aka miƙo masa jaririn. Ya karɓe shi ya ɗora a cinya, sai na ji ya ce, "Sabi'u, ɗauke mu da takwarana." A iya sanina, wannan ne karo na farko da ya nemi a ɗauke shi hoto.

Na zaro waya. Tsarin nan na kunne, don wayoyin yanzu su suke kunna wa kansu. Ga duhu, ga haske a baya, ga shi yana sunkuyawa yana tofa wa yaron addu'a yana ɗagowa: daidai abin da ya gargaɗe ni a kai, ba ragi. Abin da ya kamata in ce bai wuce "Baba, ɗago ka tsaya" ba. Kalmomin da nake faɗa wa baƙi kullum, na faɗa wa kwamishinoni, na faɗa wa limamai. Harshena ya ƙi. Yaya zan ba surukina umarni? Na ɗaga wayar idona na ƙasa, na danna sau ɗaya, na mayar aljihu. Ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi, Baba." Ban duba ba.

Sai da na koma Takur na buɗe. Komai ya fito. Ganyen darbejiyar da ke waje ana iya ƙirga shi, tsagewar bangon zaure ta fito, saƙar tabarma ta fito, jaririn ya fito tas yana barci a hannunsa. Fuskar Baba Malam ce kaɗai babu. Wayar ta kama shi a sunkuye, ta kama shi yana ɗagowa, ta haɗe su wuri guda, sai ya zama kamar an goge wurin da jiƙaƙƙen yatsa. Ta kashe basirarta a kan bango da ganye, abin da aka ɗaga ta dominsa kuma ta watsar.

Amma zan yi ƙarya in na ɗora wa waya duka laifin. Sau biyu na koma Kiyawa bayan haka, wayar na aljihuna, shi yana zaune a zauren nan lafiyarsa ƙalau. Ban iya cewa, "Baba, na ɓata, a sake" ba. Na gaya wa kaina kunya ce. Yanzu na san rabinta girman kai ne: ba na so ya san cewa abin da ya faɗa mini shi ne ya faru. Na ce bari Sallah ta zo, sai in ɗauke shi cikin jama'a ba tare da wani bayani ba. Sallar ba ta same shi ba.

Ranar sadakar uku na daure na nuna wa Nura hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai wata manhaja da ke gyara fuskar da ta lalace. Ya sa hoton a ciki, cikin ɗan lokaci ta fito da wani dattijo fari sumul, mai jerarrun haƙora, riƙe da ɗana. Nura ya shiga da wayar cikin gida wurin Inna, mahaifiyarsu, ni ina tsaye daga bakin ƙofa. Na ji ta ce, "Wannan bawan Allah kuma daga ina?" Da aka yi mata bayani sai ta ce, "Ku goge. Kada yaron ya tashi ya ɗauka wannan ne kakansa." Ba ta zarge ni da kalma ɗaya ba. Da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Na ce to ni zan gyara da hannuna, ai sana'ata ce. Bayan kwana bakwai na zauna gaban kwamfuta a gida, na ɗauko hoton katin shaidar nan na jera su, na fara mayar da goshi da hanci a hankali. Da na zo kumatu sai na tsaya. Baba Malam yana da bille, tsaga guda ɗaya a kunci, kowa ya san shi da ita. A katin shaida hatimi ya rufe wurin. Na rufe ido in tuna: hagu ne ko dama? Na kasa. Abin da ke zuwa mini ƙafafunsa ne, kaushin dunduniyarsa, farcen babbar yatsarsa da ya tsage, takalminsa na fata a bakin tabarma. Shekara tara su nake kallo.

Na kira Hajara na tambaye ta. Ta tsaya da yaron a kafaɗa tana dubana. "Kai da ka yi shekara bakwai a shagonsa?" in ji ta. Ta ce, "Hagu ne," sai muryarta ta karye, ta juya ta koma ɗaki. Na kashe kwamfutar. Mutumin da sai an gaya masa inda bille yake ba shi da hurumin zana fuskar. Sanarwar rasuwarsa haka ta zagaya ba hoto. Ɗana zai girma ya tambaye ni kamannin wanda yake ɗauke da sunansa, ni mai hoto, abin da zan nuna masa hannuwa biyu ne da ke riƙe da shi.

Ya Allah, bawanka Salihu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa makwancinsa ka cika shi da haske. Ka sa haƙurin da ya yi da mutane ya zama nauyi a mizaninsa, ka haskaka fuskarsa ranar da fuskoki ke yin baƙi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna juriyar wannan rashi, ka sanyaya zuciyar Hajara da Nura da sauran 'yan'uwansu, ka raya takwaransa a kan halinsa. Ni kuma, da ya tambaye ni na ce masa ya yi alhali ban duba ba, Allah ka yafe mini, don shi yanzu ba ni da hanyar neman yafiyarsa. Amin.