Baba Samten, Mai Tsaron Zanen Bango

Shekara talatin da huɗu ke nan, kafin rana ta taɓa kan duwatsu, Baba Samten ya riga ya sha shayinsa mai gishiri da man shanu, ya kama hanyar tsohon gidan ibadar da ke saman ƙauyenmu. Sufaye sun tashi daga wurin tun zamanin kakanni, suka bar zanen bango da ya haura shekara ɗari shida. Shi ke kaɗe ƙura da gashin tsuntsu, ya kunna fitilun mai, ya zauna bakin ƙofa yana jiran baƙi. Mai ziyarar ibada da mai binciken tarihi duk magana ɗaya suke ji: "Ɗana, ido ke kallo, ba yatsa ba."

Shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri, rufin ɗakin arewa ya tsage, ruwa ya fara bin bango yana nufar fuskokin da aka zana. Hanyar gari ta toshe, babu mai kawo ɗauki. Samten ya sauko gida ya kwance itatuwan rufin rumbunsa, ya haɗa da tantinsu na gashin yak, wato shanun duwatsu masu dogon gashi. Matarsa Yangzom ta riƙe ƙugu.

"Maigida, mutanen bango su samu rufi, sha'irinmu kuma ya sha ruwa, ko?"

"Sha'ir za mu sake shukawa baɗi. Waɗancan wa zai sake zana su?"

Ta harare shi, sannan ta kama bakin itace ɗaya. "To ɗaga mana, tsoho, kada ka karye mini a hanya."

Sawu tara suka yi. Makiyaya suka hango su, suka bar dabbobi suka zo, aka haɗu aka rufe inda rufin ya tsage. Ruwan ya tsaya saura taƙi ɗaya ya kai fuskar farko. Rabin hatsin gidan ya ruɓe, kuma har yau ba wanda ya ji Samten ya ambata.

Baba, kai ne mai riƙon amanar da ba a ba ka ba. Bana gwiwa ta ƙi hawan dutse, ka ajiye aiki. Mun gode maka, kai da Inna Yangzom.

Duk mai wani tsohon wuri a garinsu da ke neman mai kula, kada ya jira a naɗa shi. Samten ma ba wanda ya naɗa shi. Ƙofa ya gani a buɗe awaki na shiga, ya kore su ya rufe, washegari ya dawo.