Mai jitar da ke yi wa Zigwai kuka

Jama'a, yau wayar 'yata ta sa ni kuka a ofishin malamai!

Da safe na kama Zigwai da iyafis ɗin wayarta a kunne muna shirin addu'a. Na fizge wayar. Na ce, "Kiɗan shaiɗan a gidan dattijon coci?" Na jefa wayar a aljihu.

Da na isa makaranta na kunna don in samu abin nuna wa Fasto. Wani tsohon Ba'amurke ne da jitar lantarki, yana wani kiɗa wai shi buluz rok. Kai! Jitar nan kuka take yi, kamar mata a gidan makoki a garinmu Madakiya. Kafin in ankara hawaye sun jiƙa takardun jarrabawar yara. Malam Yohanna ya ce, "Oga, lafiya?" Na ce mura ce.

Na dawo gida na ce, "Zigwai, me ya haɗa ki da mutumin nan?"

Ta ce, "Dadi, ranar da aka binne Mama ka ce kada kowa ya yi kuka a gidan nan, tana wurin Yesu. To, shi ne yake yi mini."

Wayyo! Na miƙa mata wayarta. Ta dube ni, ta miƙo mini kunne ɗaya na iyafis ɗin.