Igiyar da ke Ƙugun Tomekichi

Shiozaki Tomekichi ya rasu ranar sha tara ga watan Nuwamba na shekarar 2019, a gidansa da ke bayan kasuwar kifi ta Katsuura, yana gab da cika shekara tamanin. Maza da yawa a unguwar sun yi rayuwa irin tasa, ƙuruciya a teku, tsufa a bakin tashar jirage ana kallon masu sauke kaya. Abin da ya sa ake tuna shi dabam shi ne shekarunsa na ƙarshe, waɗanda ya yi a gaban murhu da igiya ɗaure a ƙugu.

Shi ne auta a gidansu. Da ya gama ƙaramar sakandare sai ya shiga jirgin ruwa na kamun kifin tuna, aka tura shi ɗakin inji, kuma a can ya ƙare aikinsa. Rurin inji ya riƙa cin kunnuwansa kaɗan-kaɗan, har lokacin da ya ajiye aiki sai an tsaya a gabansa an ɗaga murya yake ji. Matarsa Kinuyo 'yar manoman lemo ce daga kan tudu. 'Yarsu ɗaya, Sumie, wadda aiki ya kai ta Osaka ta zauna.

Duk wanda ya daɗe a jirgi yakan dawo ya gaji da ɗanyen kifi, amma kuma dafaffen tuna a wurinsa ɓarna ce. Kinuyo ta san tsakiyar wannan. Takan yanki jan nama mai kauri, ta jiƙa shi a shoyu, wato ruwan waken soya mai gishiri, da ɗanyar citta, ta birkiɗa shi a fulawa da ƙwai da garin burodi da riɗi, ta jefa a mai mai zafi, ta tsame tun wuta ba ta kai cikinsa ba. Idan aka yanka, bayansa ya yi ƙamas, cikinsa yana nan ja da sanyinsa. Ba ta duba agogo, ba ta kuma dogara da launi. Da kunne take suya. Mai yakan fara da hayaniya, sannan ƙarar ta sirance, a nan take tsamewa. Tomekichi ya ci wannan tun yana ango, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba.

Suna cikin tsufansu ɓarin jikin Kinuyo na dama ya shanye. Hankalinta bai taɓu ba, sai dai muryarta ta koma raɗa. Mace mai raɗa da miji kurma a gida ɗaya, Sumie ba ta ga yadda za a yi ba, ta nemi a kai mahaifiyarta gidan kula da tsofaffi da ke Shingu.

"A gidan nan aka kawo mini ita," in ji Tomekichi, "a nan kuma za ta zauna."

"Baba, shinkafa kawai ka iya dafawa."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

Aka bar ta a gida bisa sharaɗi. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta ta faɗa masa a fili cewa idan ramewa ta ci gaba, ba makawa sai an ɗauke ta. Ramewa kuwa ta ci gaba, domin Kinuyo tana ture abincin da ake kawo wa tsofaffi a mota, tana ture nasa. Wata rana ya kara kunnensa a bakinta ya tambaye ta abin da ranta yake so. Ta faɗa masa.

Da sassafe ya nufi rumfar Chiyono, mai sayar da kifi, ƙawar Kinuyo tun suna amare.

"Tome, kai ne za ka soya?" Ta ajiye wuƙa ta dube shi sama da ƙasa. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa ka bushe tun zamanin jirgin katako."

"Ki ba ni mai kauri."

"Zan ba ka na wajen wutsiya, ka yi ɓarnarka da shi. Na gadon baya sai ka iya."

Ɓarnar kuwa ya yi ta. Na farko ya fito fari fat har ciki, busasshe kamar katako. Kinuyo ta duba, ta kawar da kai. Ya gwada bin launi, sai ya tarar kafin bayan kifin ya yi yadda ido ke so, cikin ya riga ya dahu. Ya gwada ƙidaya, amma yankan yau ba kaurinsa ɗaya da na jiya ba. Ya sa na'urar ji a kunne, ita kuma ta haɗa ƙarar mai da ta famfo da ta motar titi ta mayar da su abu guda. Duk wannan Kinuyo tana zaune a kekenta na guragu a bakin ƙofar ɗakin girki, tana jin lokacin tsamewa yana zuwa yana wucewa, tana motsa baki, shi kuwa ya ba ta baya.

Ran nan haƙurinta ya ƙare. Akwai kwandon lemo kusa da hannunta na hagu. Da ƙarar man ta sirance, ta ɗauki ɗaya ta jefe shi a tsakiyar baya. Ya waiwayo a firgice, ya ga idonta a kan kasko, ya tsame kifin. Waiwayen ya ɗan ci lokaci, amma da ya yanka, akwai ja a tsakiya. Ta ci yanka biyu.

Ya daɗe yana juya abin a ransa. A tsohon jirgin da ya fara aiki, murya ba ta isa ɗakin inji, don haka shugaban jirgi igiya yake ja daga sama, mai inji ya san abin da ake nufi. Ya buɗe akwatin kayansa ya ɗauko guntuwar igiyar kamun tuna, ya ɗaura gefe ɗaya a ƙugunsa, ya yi wa ɗaya gefen zarge ya sa a wuyan hannunta. Ya jefa kifi a mai ya tsaya, tsinkayen suya a hannu, bai waiwaya ba. Da ya ji fizga a ƙugu ya tsame. A ranar ta cinye rabonta da shinkafa.

Chiyono ta leƙo bayan 'yan kwanaki ta same su a haka, ta dafa ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Kinu, ashe ke ce babbar masunciyar gidan nan. Wannan kifin naki ya tsufa, ko kyauta ba zan karɓa ba."

Kinuyo ta yi raɗa, Chiyono ta sunkuya ta saurara.

"Me ta ce?" in ji Tomekichi.

"Ta ce ba na sayarwa ba ne, sai dai yana da nauyin ja."

Washegari ta ba shi na gadon baya ba tare da ya roƙa ba.

Kinuyo ta murmure daga ramewa, zancen Shingu ya kwanta. Daga tuna igiyar ta wuce zuwa sauran girki. Fizga ɗaya, a sauke. Fizga biyu, ya yi kuskure, ya zo ya kara kunne ya ji faɗa. Sau ɗaya ya ga kamar ya ƙware, ya tsame kifi kafin ta ja. Kifin ya yi kyau, amma ta ƙi taɓa shi. Da ya sunkuya sai ta ce, "Baban Sumie, hannu naka ne, kunne nawa. Kada ka ƙwace mini aiki." Bai sake ba. Wasu na cewa a shekarunsa na ƙarshe ya riga ya gane lokacin da ido, yana dai jiran fizgar ne. Shi bai taɓa amsa wannan ba.

A bazarar shekararsa ta ƙarshe likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Tomekichi ya dubi al'amarin yadda mai inji yake duban inji: idan hannu ya tafi, kunne ba shi da amfani shi kaɗai, kuma ranar da Kinuyo ta daina ci, ranar za a ɗauke ta. To amma tana da hannun hagu. Murhun ne ya yi mata tsawo, kasko kuma yana gudu idan babu mai riƙe shi. Sai ya auna tsayin kekenta, ya fara haɗa gajeren tebur da ƙaramin murhun gas zai zauna a cikinsa, da shingen ƙarfe kewaye da zai danne kasko.

Sumie ta zo hutu ta tarar da barandar gidan cike da ƙurar katako.

"Baba, so kake ta ƙone gidan?"

"Uwarki ba ta taɓa ƙona ko yankan kifi ba. Ni ne na ƙona rabin teku."

"In mai ya zube mata fa?"

"Shi ya sa ake shinge. Miƙo mini zarto."

Aikin ya yi ta tafiya a hankali, domin numfashi ba ya barinsa ya daɗe a tsaye. Da safiyar da ya rasu ya dafa shinkafa, ya zauna ya huta a baranda, bai tashi ba.

Bayan an gama zaman makoki, Sumie ta yi niyyar kai mahaifiyarta Shingu. Kafin tafiyar ta karɓo tuna wurin Chiyono domin ta yi mata sallama da abin da take so. Ta ɗora mai, sai ta ga tsohuwar tana miƙo mata igiya.

"Mama, ni ai ina ji."

Hannun bai sauka ba. Sumie ta karɓa ta ɗaura a ƙugunta, ta juya wa mahaifiyarta baya, ta jira. Ta ji ƙarar man ta sirance, kuma a daidai lokacin ta ji fizgar. Ba a yi tafiyar ba. Yanzu Sumie tana zuwa ƙarshen mako, sauran ranaku Chiyono ce take rufe rumfa da wuri ta zo ta ɗaura igiyar, tana mita cewa ta girme wa zama kifi. Kowa ya san wannan tsari ba mai ɗorewa ba ne, amma har yau Kinuyo tana gidanta tana ci.

Teburin yana baranda inda ya bar shi. An kafa shingen ta ɓangare uku. Ƙarfen na huɗu an yanke shi an goge bakinsa, yana kwance a kan teburin, kusoshinsa a cikin kofin shayi.