Mayafin da Na Rufa wa Kwamfutar Abu Maryam

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idrisa, wanda 'yan kasuwar Gadarif suka fi sani da Abu Maryam mai gyaran sikeli. Allah ya jiƙansa. An rubuta alherinsa tun a lokacin, ni kuwa abu ɗaya nake son tunawa, sati uku da kwamfuta ta hana shi sakat.

Zamanin da aka sa wa ƙasarmu takunkumi ne, kayan aiki ba sa shigowa da sauƙi. Wasu manoman riɗi daga wajen Hawata suka nemi ya haɗa musu sikeli mai nuna lamba. Ƙaramar na'urar da ke cikin sikelin tana da yarenta daban da na kwamfutarsa, don haka sai ya fara gina abin da yake kira mutarjim, wato shirin da zai zauna a kwamfutar yana fassara wa sikelin umarni. Turawa ne suka rubuta shirin, kwamfutarsa ce za ta harhaɗa shi, ginin kuwa kan ci awanni. Yakan tayar da shi bayan shayin safe, ya tafi shago, ya dawo bayan azahar ya tarar ginin ya faɗi a hanya.

A lokacin yayansa na Jidda ya samo masa aiki. Malam ya ce in sikelin bai tashi kafin yankan riɗi ba, zai tafi. 'Yarmu Maryam tana goye.

Ina kallon yadda yake bin abin. Yana da littafi da yake rubuta inda aikin ya tsaya kowace rana. Ya aika Khartum aka kawo wani faifan, ya sake ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya zargi wutar lantarki. Wata rana yana shan gahawar jabana a rumfar tsakar gida ya ce, ba ma da ni yake ba, "In kuskuren rubutu ne, wuri ɗaya zai riƙa faɗuwa. Wannan yau nan, gobe can. Kuma ba ya faɗuwa sai ba na gida."

Maganar ta tsaya mini a rai. A gidanmu abu mai daraja ba a barinsa tsirara: rediyo, keken ɗinki, tiren kofuna, kowanne da mayafinsa. Kwamfutar ta fi su duka tsada, sai na yi mata nata mai kauri, da sakar furanni. Da ya fita nakan lulluɓe ta har ƙasa kafin in yi shara, in na ji babur ɗinsa in cire in ninke. Bai taɓa gani ba. Washegari da na ɗaga mayafin na ɗora tafin hannuna a jikinta, zafi kamar kaskon ƙarfen da aka gama gasa kisra, gurasarmu, a kai.

Na yi sallah, na kai masa abinci, sannan na faɗa masa. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ummu Maryam, har bayan ma, inda fanka take?"

"Har bayan."

"Ya salam! Sati uku ina zagin Turawan da suka rubuta shi, ashe ke ce kike yi wa kwamfutar jinyar zazzaɓi."

Kashegari aka bar ta a buɗe. Kafin la'asar ginin ya kammala. Sikelin ya tafi Hawata a kan lokaci, Malam bai je Jidda ba.

Yanzu sikeli masu lamba sun cika kasuwa, na Sin, masu araha, in sun lalace a yar. Ban san me Malam zai ce ba da yana raye. Ina jin zai sayi ɗaya ya buɗe cikinsa ya gani. Maryam kuwa, in wayarta ta ƙi aiki, sai na ji tana tambayar kanta ko wuri ɗaya take tsayawa ko wurare daban. Ba ta san daga inda ta samo tambayar ba.

Shekara shida bayan sikelin ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu a nan, kansa a cinyata. Yayansa ya taɓa cewa da Malam yana Jidda da an samu asibiti mai kyau. Ajali ba ya bin inda mutum yake, na san haka, kuma da za a maimaita ranar da zan sake faɗa wa Malam zancen mayafin.

Kwamfutar tana nan a ɗakinsa, ta daina tashi tuntuni. Kowace safiya nakan kaɗe mayafin in rufa mata, in naɗe shi daga baya, in bar wajen fankar a buɗe.