Ruwan da Maman Bashir Ta Bi Sawunsa

Da watan nan shekara shida ke nan da muka kai matata Sa'adatu makwancinta a nan Sabha, garin Larabawa inda muke ci-rani. A unguwarmu ta Sukra ba wanda ke kiran sunanta, kowa Maman Bashir yake ce mata. Kafin ta biyo ni daga Tawa, inda na baro ta na zo ɗinki, ta yi aiki da wani furoje na kiwon lafiya a ƙauyuka. Can ta koyo halin da ya sha haɗa mu gardama: ba ta yarda a kama aiki sai an san mafarin matsala.

Wata shekara 'yan ƙasarmu masu ƙwadago a gonakin dabino na Gudduwa suka riƙa dawowa da amai da murɗar ciki. Biyu suka rasu. Ƙungiyarmu ta 'yan ci-rani ta zauna a tsakar gidana, aka tsai da shawarar buɗe ɗakin magani. Tana kawo shayi ta ji, ta tsaya.

"Maganin me za ku zuba a ciki, Malam?" ta ce mini. "Kun san abin da ke kayar da su?"

Na ji kunya a gaban maza, na ce ta shiga ciki. Ta shiga. Amma da asuba na tarar ta ɗaura mayafi tana jirana, muka hau motar haya sai Gudduwa.

Wuni muka yi tana tambaya. Me kuke ci, ina kuke kwana, da me kuke ɗibar ruwa? Sai ga jarkoki a bukkarsu, waɗanda aka gama feshin ƙwari da su, an ɗauraye ana shan ruwa. Ni na ɗauka an gama, ita kuwa ta ci gaba. Famfo na da nisa da bukka. Rubutun jikin jarkar Larabci ne, ba mai karantawa. Kuma marar takardar zama ba ya iya buɗe baki ya roƙi mai gona wani abu.

Da ƙyar ƙungiya ta haƙura da ɗakin magani, wasu har suka daina zuwa gidana. Aka sayi duro masu murfi. Ita da kanta ta je wurin wani dattijo mai gona, Bafezzane ɗan asalin yankin nan da ya ji Hausa a bakin kakarsa, shi ya shawo kan maƙwabtansa suka riƙa ƙone jarkokin. Ciwon bai ƙare ƙaf ba, amma ba mu sake ɗauko gawa daga can a kan wannan ba.

Nata ciwon kuwa ba a gano kansa ba har ta cika. Wannan na ci mini rai har yau.

Yanzu yara sun koma Tawa, tsofaffin ƙungiya wasu sun mutu, wasu sun tafi gida. Matasan da suka karɓa sun fi mu waya da sauri. Kwanaki suka ce za su gina zauren taro, alhali samari na kwana a kango. Nakan ce da tana nan, da ta zaunar da su ta tambaye su har su gaji. Ni ban iya ba. Na sha shayina kawai.

Da kakar dabinon bana na koma Gudduwa kai wa wani ɗinki. Ƙishi ya kama ni, wani ɗan Maraɗi da bai daɗe da zuwa ba ya buɗe duro ya ɗebo mini.

"Baba, wannan na sha ne kaɗai, ba a zuba masa komai," ya ce.

Na ce wa ya hana? Ya ce shi dai haka ya tarar.

Ban faɗa masa ba. Na yi mata addu'a a zuciyata, na hau mota ina ta shirya yadda zan ba da labarin. Sai da na sa makulli a ƙofa na tuna ba kowa a ciki.